ISO 9001, ISO 13485 ko ISO 17025: wace takarda ta dace da kamfanin gyaran na'urorin asibiti?

Yawancin masu kamfanin gyaran na'urorin asibiti ba sa tunanin takardar ISO, wato shaidar bin ƙa'idojin ƙungiyar tsara ƙa'idoji ta duniya, sai ranar da wata kwangila ta wuce su. An iya aikin, an san injin wankin ƙoda ciki da waje, an tayar da kwalbar jarirai da wasu suka ce ta mutu, amma da aka buɗe takardun neman kwangila sai ga layi ɗaya da ke cewa a haɗo shaidar tsarin kula da inganci. Daga nan ake fara tambaya, kuma kowa da amsarsa. Wani ya ce ISO 9001 ta wadatar, wani ya ce in dai na'urar asibiti ce to sai ISO 13485, mai sayar da na'urorin gwaji kuma ya ce ba ka yi komai ba in ba ka da ISO 17025. Ukun duka na gaske ne, amma ba tambaya ɗaya suke amsawa ba, kuma wanda ya zaɓi wadda ba tasa ba zai biya kuɗi na shekara uku a kan takardar da abokin cinikinsa bai nema ba.

Abin ya wuce maganar kwangila. A 2011 Lora Perry da Robert Malkin na Jami'ar Duke a Amurka sun tattara bayanan na'urori 112,040 a asibitocin ƙasashe masu tasowa 16, suka tarar kusan kashi 38 cikin ɗari ba sa aiki. Manyan dalilan da suka gano su ne ƙarancin horo, rashin tsarin kula da na'urori da matsalar kayan more rayuwa. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin ajiyar babban asibiti ya san siffar wannan adadin. Amma na'urar da ta mutu ba ita ta fi ba ni tsoro ba. Wadda aka gyara, fitilarta ta kama, tana kuma ba majinyaci ruwa fiye da abin da likita ya rubuta, ita ce matsalar da waɗannan takardu suka zo su tare.

Ma'aunan da za a ɗora su a kai

Na farko, kuma shi ne uban sauran: wane ne yake neman takardar daga gare ka? Asibitin gwamnati mai tallar kwangila, kamfanin da ya ƙera na'urar, da ɗakin gwaje-gwajen jini ba abu ɗaya suke so su gani ba. Na biyu, me masu bincike za su duba in sun zo, ofishinka ko teburin gyaranka? Sai kuɗi, na shiga da na kowace shekara. Sai wahalar kafa tsarin a kamfani mai mutum goma ko ƙasa da haka. Sai daɗewar takardar, da kuma haɗarin da ke cikin kowace.

Kafin a shiga, akwai abu ɗaya da ya kamata a sani. Ƙungiyar ISO da ke Janiba ba ta ba kowa takarda. Rubuta ƙa'ida kawai take yi. Masu bayarwa kamfanoni ne masu zaman kansu irin su BSI, SGS, Bureau Veritas, DNV da TÜV SÜD, ko hukumar ƙasa irin SON a Najeriya. Su ma akwai masu tantance su, kamar UKAS a Ingila, ANAB a Amurka, DAkkS a Jamus, SANAS a Afirka ta Kudu. Wannan sarƙa ita ce ke ba takarda nauyi.

ISO 9001

Ita ce babbar yaya, tun 1987 take, kuma bugun 2015 ne aka fi sani. Ba ta san na'urar asibiti ba. Kamfanin siminti, makaranta da kamfanin sufuri duka za su iya ɗaukar ta. Abin da take tambaya shi ne: ka san abin da abokin cinikinka ke so, kana da hanyar aiki da ake bi, kana auna sakamako, kana gyara kuskure, kana ƙara kyautata aiki? Bugun 2015 ya sassauta maganar takardu sosai, har ya daina wajabta littafin inganci da naɗa wakilin shugabanni na musamman.

Ita ce mafi araha da sauƙi. Kuɗin bincike ana lissafa shi ne da kwanakin da mai bincike zai yi, kuma jadawalin da IAF, ƙungiyar hukumomin tantancewa ta duniya, ta fitar ya ba kamfani mai ma'aikata 1 zuwa 5 kwana ɗaya da rabi a zuwan farko, mai 6 zuwa 10 kwana 2. Masu binciken wannan ƙa'ida suna da yawa a cikin gida, don haka ba sai an biya wa kowa kuɗin jirgi daga waje ba.

Rauninta a bayyane yake. Mai bincike zai iya gama aikinsa, ya gamsu, bai taɓa tambayar ka ko ka gwada yoyon wuta a jikin na'urar da ka buɗe jiya ba, sai dai in kai ka rubuta hakan a tsarinka. Takardar tana shaida cewa kamfaninka a tsare yake. Ba ta shaida cewa an tsara shi da majinyaci a rai ba. Wannan ba laifinta ba ne, ba don haka aka yi ta ba.

ISO 13485

A nan zan daɗe, domin ita ce aka fi rashin fahimta. Mutane da yawa sun ɗauka ta masu ƙera na'ura ce kaɗai. Ba haka ba ne. Sashen farko na bugun 2016 ya ambaci masu ajiya da rarrabawa, masu girkawa, da masu gyara da kulawa a cikin waɗanda za su iya amfani da ita. Kamfanin da ba ya zana na'ura ko ƙera ta yana rubuta dalilin da ya sa waɗannan sassa ba su shafe shi ba, ya riƙe sauran.

An fara fitar da ita a 1996, aka sabunta a 2003 da 2016. Ta tsaya a kan tsarin sassa takwas na tsohon bugun ISO 9001 na 2008, ba ta bi sabon tsarin 2015 ba. Wannan yana da amfani a sani, domin samun ɗaya ba ya nufin an sami ɗayar. Ruhinsu ma ya bambanta: ISO 9001 tana neman gamsuwar abokin ciniki da ci gaba kullum, ita kuwa wannan tana neman a bi doka, a kiyaye lafiyar majinyaci, a kuma iya nuna shaida a rubuce.

Ga yadda take shiga shagon gyara. Sashe na 7.5.4 ya ce a sami rubutacciyar hanyar gyara, da abin da za a auna a tabbatar na'urar ta dawo daidai. Ya ƙara da wani abu da nake ganin shi ne zuciyar ƙa'idar ga mai gyara: a riƙa nazarin bayanan gyare-gyare don a gane ko wani daga ciki ƙorafi ne da ya kamata a ɗaukaka. A ce injin ƙarin ruwa iri ɗaya ya zo maka sau huɗu cikin wata biyu daga asibitoci daban-daban, kuma ƙofarsa ce ke ƙin kamawa a duka huɗun. Makaniki nagari zai gyara huɗun. Kamfanin da ke bin wannan ƙa'ida zai gyara, sannan ya lura cewa abu ɗaya ne ke maimaituwa, ya rubuta, ya sanar da wanda ya ƙera, in kuma doka ta ce a sanar da hukuma ya sanar. Sashe na 8.2.2 da na 8.2.3 su ne suka tsara wannan.

Sashe na 7.6 ya ce duk abin da kake awo da shi, tun daga mitar hannu har na'urar gwajin amincin wuta, sai an daidaita shi da ma'aunin da za a iya bin sawunsa zuwa na ƙasa ko na duniya. In kuma aka gano mitarka ta kauce, sai ka koma ka duba duk aikin da ka yi da ita tun daidaitawar baya. Sashe na 7.4 ya shafi sayen kayan gyara: daga wa ka saya, me ya sa ka yarda da shi, kuma tsananin bincikenka ya yi daidai da haɗarin kayan. Batirin na'urar farfaɗo da zuciya ba ɗaya yake da tayar gado ba. Akwai kuma maganar tsafta, yadda ake karɓar na'urar da ta fito daga ɗakin masu cuta mai yaɗuwa ba tare da an gurɓata shago ko ma'aikaci ba. Bayanai kuwa ana ajiye su tsawon rayuwar na'urar, kuma ba ƙasa da shekara 2 ba. Ko manhajar kwamfuta da kake rubuta ayyukan gyara a ciki sai ka nuna ka gwada ta tana yin abin da ake so.

Ƙa'idar ba ta faɗi irin gwajin wutar da za a yi bayan gyara ba, amma wadda aka saba jingina da ita ita ce IEC 62353, bugun 2014, da aka yi musamman don gwaji bayan gyara da gwajin lokaci-lokaci. Tana duba ƙarfin wayar ƙasa da yawan wutar da ke yoyo zuwa jikin na'ura da sassan da ke taɓa majinyaci. A wurin da ake sauyawa tsakanin wutar gwamnati da janareta sau da yawa a rana, kuma wayar ƙasa a tsofaffin gine-gine ba abin dogaro ba ce, wannan gwaji ba ado ba ne.

Me ya sa masu ƙerawa ke nace mata? Domin ita ce ke ɗaure su. Sashe na 4.1.5 ya ce in suka ba wani aikin da ya shafi ingancin na'urarsu, alhakin yana nan a wuyansu, kuma sai an yi rubutacciyar yarjejeniyar inganci. In kana da takarda iri ɗaya da tasu, ka rage musu aikin bincikar ka. Nauyinta ya ƙaru tun da hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta fitar da sabuwar doka a farkon 2024 wadda ta shigar da ISO 13485:2016 cikin dokar ƙasar ga masu ƙera na'urori, da fara aiki ranar 2 ga Fabrairun 2026. Dokar ba ta hau kan mai gyara mai zaman kansa kai tsaye ba. Rahoton da hukumar ta fitar a watan Mayun 2018 ma cewa ya yi hujjojin da ke hannu ba su kai a ce gyaran masu zaman kansu ya zama barazana ga jama'a ba, sai dai ta ƙarfafa su su rungumi tsarin inganci da kansu. Amma abin da ya ɗaure mai ƙerawa yakan gangaro kan wakilinsa.

Kuɗinta ya fi. Jadawalin IAF na wannan ƙa'ida ya ba mai ma'aikata 1 zuwa 5 kwana 3, mai 6 zuwa 10 kwana 4, wato ninki biyu. Masu binciken da suka cancanta ba su da yawa, sau da yawa daga waje suke zuwa, kuma da dala ko yuro ake lissafi. Duk da haka kuɗin bincike ba shi ne babba ba. Na'urorin gwaji irin na Fluke Biomedical ko Rigel, da kuɗin aika su a daidaita su duk shekara, da lokacin ma'aikacin da zai riƙe takardu, su ne ke cin aljihu.

Haɗarinta guda biyu. Na farko, a sayi tsarin da mai ba da shawara ya kwafo daga masana'anta, fayil ashirin da ba wanda ke buɗewa, injiniyoyi na ci gaba da aiki yadda suka saba. Irin wannan ba ya wuce zuwan bincike na biyu, domin rana ba ta ƙarya. Na biyu, a ƙetare iyaka tsakanin gyara da sake ƙira. In ka mayar da na'ura yadda mai ita ya ƙera ta, gyara ka yi. In ka canza yadda take aiki, ko amincinta, ko abin da aka yi ta dominsa, ka shiga sahun masu ƙerawa, kuma FDA ta fitar da jagora a kan wannan bambanci a watan Mayun 2024. Takardar da aka ba ka a kan gyara ba ta rufe wannan ba.

ISO/IEC 17025

Wannan jinsinta daban. Ba shaidar tsari ba ce kawai, shaidar ƙwarewa ce ga ɗakin gwaji ko ɗakin daidaita ma'auni, kuma hukumar tantancewa ce ke bayarwa kai tsaye, kamar NiNAS a Najeriya ko SOAC ga ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da Faransanci, ciki har da Nijar. Bugun 2017 ne ake bi. Mai tantancewa ƙwararre ne a fannin, zai tsaya a kanka kana awo, ya tambayi girman shakkun da ke cikin sakamakonka da yadda ka lissafa shi, ya nemi shaidar cewa ka gwada kanka da wasu ɗakunan gwaji.

Ana ba da ita ne a kan awo ɗaya-ɗaya: zafi daga kaza zuwa kaza, nauyi, matsin iska, ƙarfin wuta. Wanda aka tantance a kan ma'aunin zafi ba shi da hurumin buga tambarin a kan takardar na'urar awon jini. Ita ce mafi tsada da wuya, domin tana buƙatar ma'aunan asali, ɗaki mai tsayayyen sanyi da laima, da mutumin da ya iya lissafin awo. Kuma ba ta cewa komai game da iya gyaranka. In sana'arka ita ce sayar da takardar da ke cewa firjin allurar rigakafi ko tukunyar dafa kayan tiyata suna nuna gaskiya, to taka ce. In ba haka ba, abin da kake buƙata shi ne ka kai kayan awonka wurin wanda ke da ita.

| Ma'auni | ISO 9001 | ISO 13485 | ISO/IEC 17025 |
|---|---|---|---|
| Abin da take shaidawa | Kamfani yana da tsari | Tsarin ya dace da na'urar asibiti da doka | Awon da ake yi abin dogaro ne |
| Masu nema | Masu tallar kwangila, manyan asibitoci | Masu ƙerawa, wakilansu, masu ba da tallafi | Ɗakunan gwaji, masana'antun magani |
| Binciken farko, ma'aikata 6 zuwa 10 | Kwana 2 | Kwana 4 | Ya danganta da yawan awon |
| Kuɗi | Mafi ƙasa | Tsaka zuwa sama | Mafi sama |
| Wahala | Sauƙi | Takardu da bin sawu masu yawa | Ƙwarewar awo da kayan asali |
| Daɗewa | Shekara 3, bincike duk shekara | Shekara 3, bincike duk shekara | Yadda hukumar ta tsara, ba ya wuce shekara 5 |
| Babban haɗari | Ba ta duba teburin gyara | Tsarin aro da ba a bi | Buga tambari a wajen iyaka |

Game da daɗewa, biyun farko tafiyarsu ɗaya. Binciken farko zango biyu ne, na duba takardu da na ganin aiki, kuma kafin na biyun sai ka yi binciken cikin gida da zaman bitar shugabanni. Binciken shekara-shekara yakan ɗauki kusan sulusin kwanakin farko, na sabuntawa kusan sulusi biyu. Saboda haka kada ka nemi farashin shekarar farko kaɗai, ka ce a ba ka na shekara ukun a haɗe. ISO 9001 ta fi yawan canza riga, an yi bugu a 1994, 2000, 2008 da 2015, kuma bayan na 2015 an ba da shekara 3 na sauyawa.

Abin da babu ɗaya daga cikinsu da za ta ba ka

Ba wadda za ta buɗe maka manhajar gyaran injin siti-sikan, ko ta sa a sayar maka da littafin gyara da kayan asali. Wannan yana hannun mai ƙerawa, ta hanyar wakilci da horon da yake ba injiniyoyi, ko GE HealthCare ne, ko Siemens Healthineers, Philips, Dräger, Fresenius ko Mindray. Ba wadda kuma za ta maye gurbin izinin hukuma. A Najeriya NAFDAC ce ke rajistar na'urorin da ake shigowa da su a sayar, kuma duk na'urar da ke fitar da haske mai ratsa jiki tana ƙarƙashin NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya. Za ka kuma ji ana ambaton MDSAP, shirin binciken haɗin gwiwa na Amurka, Kanada, Ostireliya, Barazil da Japan. Na masu ƙerawa ne, kada wani ya sayar maka da shi.

Sai maganar takardar bogi, wadda ke ɓata mini rai fiye da komai a wannan harka. Akwai masu ba da takardar ISO cikin kwana uku ta waya, ba tare da kowa ya taka shagonka ba. Araha ba ta ado. Ka nemi tambarin hukumar da ta tantance mai bayarwa, ka duba sunansa a shafin hukumar, ka tabbatar an tantance shi a kan wannan ƙa'idar musamman, domin wani an yarda masa ISO 9001 ba a yarda masa ISO 13485 ba. Ka kuma karanta layin da ya faɗi iyakar aiki. Takardar da ta ce "sayarwa da rarraba kayan asibiti" ba ta shaida gyara ba, ko da lambar ƙa'idar daidai ce. Ka sa a rubuta girkawa, gyara da kulawa, da irin na'urorin, ƙarara. Wanda ya taya ka rubuta tsarin kuma bai halatta ya zama shi ne mai ba ka takardar ba.

Wa ya dace da wace?

In kamfaninka ƙarami ne, aikinka gadaje, fitilun tiyata, injin tsotsa da injin iskar oksijin, kuma abin da ya tsaya maka layin nan ne na takardar kwangila, ka ɗauki ISO 9001. Amma ka rubuta gwajin bayan gyara da bin sawun kayan gyara a cikin tsarinka tun yanzu, don mai bincike ya riƙa kama ka a kansu, kuma ranar hawa mataki na gaba ba daga tushe za ka fara ba.

In kana taɓa na'urar da rai ya rataya a kanta, ta taimakon numfashi, ta sa barci a tiyata, ta wankin ƙoda, kwalbar jarirai, ko kana neman zama wakilin wani mai ƙerawa, ISO 13485 ce taka, kuma a ganina ba sai ka bi ta ISO 9001 ba. Ka tambayi mai ƙerawar a rubuce ko sharaɗi ce a wurinsa kafin ka kashe kuɗi. In kuma kana da ƙafa a kasuwa biyu, kwangilar gwamnati da wakilci, ka nemi mai bayarwa ɗaya ya haɗa binciken biyun a zuwa guda, ya fi sauƙi a kan biyu daban-daban.

In abokan cinikinka ɗakunan gwajin jini ne, ma'ajiyar allurar rigakafi ko masana'antar magani, kuma takardar awo suke biya, ka nufi ISO/IEC 17025, ka fara da awo ɗaya ko biyu da ka fi samun aiki a kansu, zafi da nauyi misali, ka faɗaɗa daga baya.

In kuwa ku biyu ne ko uku a shago kuma ba wanda ya nemi takarda tukuna, kada ka saya. Ka sayi na'urar gwajin amincin wuta da kuɗin, ka buɗe wa kowace na'ura fayil da lambarta, ka rubuta abin da ta zo da shi, abin da aka canza, inda aka samo shi, sakamakon gwaji da sa hannun wanda ya yi. Bayan shekara guda, in wani ya nema, da waɗannan fayiloli za ka fara.